Ruwa Na Ƙasa: Kwana Goma a Minna Muna Bin Sawun Mata Marubuta

Tambayar da ta kai ni Minna daga layin baya na aji ta fito. Ranar ina koyar da tarihin rubutun zube, na rubuta sunaye huɗu a allo don in nuna wa ɗalibai irin arzikin da Jihar Neja ta yi: Abubakar Imam, Cyprian Ekwensi, Abubakar Gimba da Ben Okri. Ina cikin bayani sai wata ɗaliba 'yar aji uku, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah, su matan can ba su taɓa riƙe alƙalami ba ne?" Na tsaya da alli a hannu. Na ce mata amsar tambayarta tana Minna, kuma in Allah ya kai mu dogon hutu za mu je mu nemo ta.

Alkawari kaya ne, wannan kuwa ya zauna mini a wuya har muka gama jarrabawa. Dama na daɗe ina jin takaicin wani giɓi a tsarin karatunmu. Ɗaliban kimiyya da injiniya da aikin gona suna da shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta assasa tun shekarun 1970, inda ake tura su masana'antu da gonaki da ɗakunan gwaje-gwaje su yi watanni suna koyon aiki da hannunsu. A jami'o'i da dama na Amurka da Ingila kuma, akan ɗauki ɗalibin digirin farko a hutun tsakiyar shekara, a ba shi ɗan alawus, a haɗa shi da malami, ya yi makonni yana tonon tsofaffin takardu. Namu ɗalibin harshe da adabi, da an yi hutu sai gida. In ya kai shekarar ƙarshe, a ce ya rubuta kundi a kan littafin da na gaba da shi suka riga suka tatse. Sai na ce bari mu gwada da ɗan abin da ke hannunmu. Muka yi karo-karo mu huɗu: ni, da mai tambayar, da ƙawarta wadda gwaggonta ke aure a Bosso, da wani ɗalibi namiji mai kyakkyawar waya da haƙurin rubutu.

Mun bar Kano bayan sallar asuba a cikin watan Agusta, marka ta sauka sosai. Burina tun farko mu bi tsohuwar hanya, wadda ke fita daga Kaduna ta Birnin Gwari, ta ratsa Kagara da Tegina da Zungeru kafin ta faɗa Minna. Ina so yaran su taka ƙasar Kagara, inda aka haifi Abubakar Imam a 1911, mutumin da ya ba mu Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya kuma rubuta labarin tafiyarsa Ingila ta 1943 a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Direbanmu ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Ba wanda ya manta 17 ga Fabrairu 2021, daren da 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Kagara suka kwashe ɗalibai 27 da malamai da iyalansu. Garin da ya haifi wanda ya koya wa Arewa daɗin karatu, yau sai an yi dogon nazari kafin a kai masa ziyara. Da wannan baƙin ciki muka wuce Zariya da Kaduna.

Muka miƙe hanyar Abuja, muka ratse dama a mahaɗar Dikko, muka nufi Lambata da Paiko. Tun daga nan ƙasa ta sake kama. Gero da dawar da muka baro sun ba da wuri ga tsibi-tsibin doya, ga duwatsu lulluɓe da ciyawa, ga kaɗanya da mangwaro ko'ina. Sabuwar doya ta fara fitowa, an jera ta a bakin titi. Matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna tafe a jere da kayansu a kafaɗa, kamar yadda suka gada kaka da kakanni, domin a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya. Mun shiga Minna ta Chanchaga da Tunga bayan la'asar, hadari ya haɗo a bayan tsaunuka, iska na ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gwaggo ta tarbe mu da sakwara da miyar agushi, ta karɓi ɗaliban mata biyu, mu kuma maigidanta ya ba mu ɗakin baƙi a soro.

A hirar dare maigidan ya ba mu labarin asalin sunan garin, irin wanda kowane tsoho a Minna ke bayarwa. Ya ce kalmar ta Gbagyi ce, ma'anarta tana da nasaba da raba wuta. A da can, lokacin da mutane ke zaune a kan tsauni, akwai bikin shekara da ake kashe wutar kowane murhu, sa'annan a kunna sabuwa a raba gida-gida. Na lura mai tambayar nan ta rubuta wannan a shafin farko na littafinta ta ja masa layi.

Washegari muka fara da tashar jirgin ƙasa, domin a nan aka yanke wa garin cibiya. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911. Daga baya layin da ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi a nan. Dogo ya jawo leburori da 'yan kwangila da fatake da akawuna, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo. Sunayen unguwanni har yau suna ba da labarin: Kwangila, Limawa, Sabon Gari, Ƙetaren Gwari. A cikin wannan cakuɗa aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, wanda ya kafa labarin The Passport of Mallam Ilia a cikin jirgin ƙasa, ya kuma bi makiyaya daji a Burning Grass. A nan aka haifi Ben Okri a 1959, lokacin mahaifinsa na akawun reluwe, kafin ya girma ya ci kyautar Booker a 1991 da The Famished Road. Garin ya zama hedikwata sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976.

Muna tsaye a dakalin tasha ina jero waɗannan, sai mai tambayar ta ce, "Malam, duk wanda ka ambata, aikin mahaifinsa muka sani. Matan da suka dafa wa leburorin nan tuwo, suka yi musu waƙa, suka yi wa 'ya'yansu tatsuniya, a ina aka rubuta su?" Na gaya mata cewa takardun lardin nan na zamanin Turawa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ƙarƙashin lambar MINPROF, kuma wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan fayiloli ya san abin da ke ciki: haraji, sarauta, shari'a, iyakar gunduma. Maza ne suka rubuta a kan harkar maza. Mace takan leƙo ne a matsayin adadi a ƙidaya, ko mai ƙara a gaban alƙali. Wanda ke neman muryarta sai ya nemi wata ƙofa.

Minna ta yau gari ne na marubuta, duk wanda ke bibiyar adabin Nijeriya ya san haka. Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai da aka haifa a 1952, masanin tattalin arziki ne da ya rubuta Witnesses to Tears da Sunset for a Mandarin da Sacred Apples, ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya daga 1997 zuwa 2001, ya rasu a Fabrairun 2015. B.M. Dzukogi ya kafa gidauniyar Hill-Top, wadda ke kama yara tun suna sakandare ta ɗora su a kan waƙa da ƙirƙirar labari da zane, kuma ita ke shirya bikin HIASFEST da ke tara 'yan makaranta daga jihohi daban-daban. A zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, daga 2007 zuwa 2015, har hukumar bunƙasa littafi jihar ta kafa. Daga wannan gida Saddiq Dzukogi ya fito, wanda aka buga masa Your Crib, My Qibla a Amurka a 2021. Matasan da muka zauna da su a Tunga da Bosso sun kuma ambata mana mata da alfahari: Maryam Bobi mai Bongel, Halima Aliyu mai Fire on the Tip of Ice, da Hauwa Shaffii Nuhu, marubuciyar waƙa kuma 'yar jarida. Mun ji daɗi ƙwarai. Sai dai da muka ce a koma baya, kafin zuwan waɗannan, sai sunayen mata suka ɗauke ɗif kamar ruwan ƙarshen damina.

Nan aikin ɗaliban ya fara. Muka raba gari. Kowa ya ɗauki littafin rubutu da tambaya guda, ya kai ta wurin tsofaffin malamai, da masu sayar da littattafai a Kasuwar Kure, da masu injin ɗab'i, da waɗanda suka yi ritaya daga gidan rediyo: wace mace ka sani da ta taɓa rubuta wani abu? Kusan kowa da "babu" yake farawa. In ɗalibi ya yi haƙuri, ya sha ruwan da aka ba shi, ya bar hira ta yi nisa, sai ka ji, "Af, tsaya. Akwai wata malama da ke rubuta wa 'yan mata wasan kwaikwayo duk ƙarshen shekara." Ko kuma, "Akwai wata nas da ta taɓa kawo mini ɗan littafi kan rainon ciki na buga mata." Cikin kwana uku shafukansu suka cika da sunaye da laƙabobi da kwatancen gidaje.

Littattafan ne ba su samuwa. Dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma macen da ta tara kuɗin adashi ta kai wa mai inji a bayan kasuwa ba wanda ya gaya mata wannan. Ta raba kwafinta ga dangi da ƙawaye da ɗalibai, shi ke nan. Wasu ma ba su sa sunansu na yanka ba, saboda kunya ko gudun magana, sai Maman wane ko Ummu wance. A wani ɗakin ajiya da aka buɗe mana, mun tarar da tsofaffin jaridun jiha a ɗaure a ƙasa, rufi na yoyo a kansu, shafukan sun manne da juna. Ɗalibin nan ya ɗaga ɗauri guda, gara ta zubo. Ya dube ni idonsa ya kawo ruwa.

Rana ta biyar muka bi ta titin Ilmi, inda hedikwatar Islamic Education Trust take. A nan na ba su labarin Hajiya Aisha Lemu. An haife ta a garin Poole na Ingila a 1940, ta musulunta a Landan a 1961 tana ɗaliba mai nazarin harshe da tarihin Sin, ta zo Kano a 1966 ta koyar a Makarantar Nazarin Larabci, ta auri Sheikh Ahmed Lemu a 1968. Ta shugabanci kwalejin 'yan mata a Sakkwato, sa'annan ta dawo Minna a 1976 ta riƙe kwalejin horon malamai mata. A garin nan aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, ita ce Amirarta ta farko ta ƙasa. Ta rubuta littattafai kusan talatin, ciki har da Woman in Islam da suka yi da Fatima Heeren, da The Ideal Muslim Husband, da jerin littattafan addini na 'yan sakandare. Ta rasu a Minna ranar 5 ga Janairu 2019. Ban ƙarasa ba 'yar Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, wallahi littafinta muka yi a ƙaramar sakandare. Shekara uku yana jakata, ban taɓa tsayawa na tambayi wace ce ita ba." Ni ma sai na tuna allona da sunaye huɗu. Ga mace da dubban yara suka karanta, ta zauna a Minna fiye da shekara arba'in, amma da yake littafin makaranta da na tarbiyya ta rubuta, mun saba tsallake ta in muna lissafin marubuta. Ma'aunin da muke awo da shi ya yi ƙanƙanta.

Wannan tunani ya biyo mu kasuwa. Mai tukwane ta ba mu canji da tsohuwar naira ashirin, na juya bayanta na nuna musu Ladi Kwali zaune tana gini. 'Yar Gbagyi ce da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Ta zagaya Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma a Minna ta rasu a 1984. A jikin tukwanenta ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, ta bar mana yadda mutanenta ke kallon duniya. Haka Hajiya Fatima Lolo, zabiyar Nufawa da ta rasu a 1997, wadda ta riƙe tarihin sarakunan Nupe a ka tana rerawa a gaban Etsu bayan Etsu. Muka yi shawara a tsaye a wurin cewa jerinmu zai ɗauki duk macen da ta tsara magana ta adana, a takarda ne, a kaset ne, ko a bakin jikokinta.

Rana ta bakwai Gwaggo ta ce mu shirya, za ta kai mu Limawa wurin wata tsohuwar malama da ta koyar da ita a ajin yaƙi da jahilci. Da muka isa, matan suka yi sallama suka shige. Ni da ɗalibin muka tsaya a zaure, aka shimfiɗa mana tabarma. Zaman nan ya koya mini abin da shekarun karatu ba su koya mini ba. Yawancin waɗanda suka rubuta tarihin adabinmu maza ne, kuma namiji mai mutunci a zaure yake tsayawa. Abin da aka fito masa da shi, shi yake rubutawa. Abin da ke ƙuryar ɗaki, ƙarƙashin gado, bayan jeren kwalla, sai mace 'yar'uwarta.

Muna jira na riƙa ba ɗalibin misalai. Na ce masa M.G. Smith ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, amma matarsa Mary ce ta zauna da Baba ta Karo ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954, kuma har gobe da wuya ka sami littafin da ya kai shi bayyana rayuwar Bahaushiyar wancan zamani. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa tsarin koyar da mata na 'yan taru da jajojinsu. Ba a taɓa manta ta a Sakkwato ba, amma sai da Jean Boyd ta shafe shekaru tana bin takardu, da taimakon Waziri Junaidu, kafin ita da Beverly Mack su fitar da tarin ayyukanta a 1997. Ita Mack ɗin ce ta tattara waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu a Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Can Amurka ma, marubuciya Zora Neale Hurston ta rasu a 1960 cikin talauci, har an cinna wa takardunta wuta sai wani jami'in tsaro da ya san ta ya zo wucewa ya kashe. Kabarinta ya zauna ba alama, sai a 1973 Alice Walker ta bi sawu ta je Florida ta sa masa dutse. Yau ana karanta ta a jami'o'in duniya. A kowane ɗayan waɗannan, mutum guda ne ya ɗaura niyya ya taka ƙafa ya je.

An fi awa guda kafin yarinya ta leƙo ta ce, "Wai Inna ta ce Malam ya shigo, ai ɗa ne." Muka shiga muka durƙusa. Dattijuwa ce da ta haura saba'in, fara tas da furfura, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Na ce, "Barka da hutawa, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya." Ta ce, "Amin, Malam. Jikokin nan nawa sun tayar mini da tsohon mikin da na ɗauka ya warke." A gabanta akwai adakar ƙarfe irin ta amaren da, fentinta ya koɗe. An fitar da atamfofi da turaren wuta an ajiye gefe. A ƙasan adakar, cikin wani tsohon ɗankwali, littattafan rubutu ne na 'yan makaranta fiye da goma.

Waƙoƙi ne. Wasu da boko, wasu da ajami, 'yan kaɗan da Nufanci, harshen mahaifiyarta. Akwai na tsabtar gida da na rigakafin ƙyanda, waɗanda ta ce ta tsara ne don matan aji su haddace, tun da abin da aka rera ya fi zama a ka. Akwai wadda ta yi wa ɗalibarta mai ƙoƙari da aka cire daga makaranta aka aurar. Akwai ta fari da tsadar hatsi, akwai ta begen Annabi, akwai marsiyyar mahaifiyarta wadda ta kasa karanta mana har ƙarshe. Ta riƙe amsa-amo da ma'auni yadda ya kamata, hannunta a tsaye, ta sa kwanan wata a ƙasan kowace waƙa. Mai tambayar nan ta ce, "Inna, me ya hana ki bugawa?" Ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, a lokacinmu wa zai kai rubutun mace mai goyo Zariya? Ga aiki, ga yara, ga kunyar a ji sunanka a bakin duniya. Ba wanda ya hana ni. Ba kuma wanda ya taɓa tambayata, sai yau."

Kwana uku muka yi muna zuwa gidan. Kafin a taɓa takarda, sai da muka bayyana mata da babban ɗanta abin da za mu yi da ita, muka naɗi amincewarta da muryarta. Ta ware waƙoƙi biyu ta ce waɗannan sirrin gida ne, muka mayar da su ba mu karanta ba. Sauran, ɗalibin ya riƙa ɗaukar hotonsu shafi-shafi da hasken safiya a tsakar gida, 'yar Gwaggo na ba kowane shafi lamba, tana rubuta harshe da irin rubutu da shekara da dalilin waƙar. Mai tambayar kuma ta zauna a gefen Inna tana naɗar karatunta, domin waƙar Hausa ba ta cika sai an ji karinta. Inda ajami ya gagare su, Inna ta gyara musu, har ta ce ashe har yanzu da sauran koyarwa a gabanta. Ba mu ɗauki ko falle ɗaya ba. Mun naɗe littattafan a sabon farin ƙyalle, muka roƙi a ɗaga adakar daga ƙasa saboda danshi, muka ajiye hotunan a wuri uku, muka bar wa iyalin kwafinsu. Ranar sallama ta riƙe hannun mai tambayar ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ki sa sunana in kin tashi rubutawa, na daina jin kunya." Sunan yana cikin kundin ɗalibar, kuma ranar da iyalin suka shirya fitar da littafin, duniya za ta ji shi daga bakinsu.

Ana gobe za mu tafi muka bi kwatancen wani gida a Maitumbi, na malamar nan mai rubuta wasan kwaikwayo. Mun makara. Surukarta ta ce Allah ya yi mata rasuwa shekaru kaɗan da suka wuce. Da aka zo rabon gado an lissafa gida da gwala-gwalai da tufafi, takardu kuwa ba wanda ya san gado ne. Wasu gara ta ci aka ƙone, wasu yara suka kai wa mai ƙosai. Matar ta faɗa mana haka cikin nadama, ta ce da sun san wani zai zo nema da sun adana. Ba mugunta suka yi ba. Mu da muka san darajar takarda ne ba mu je da wuri ba. Kuma hatsarin bai tsaya kan tsofaffi ba: dubban labaran da matan Arewa ke rubutawa yau a WhatsApp da Facebook da Wattpad, waya ɗaya ce za ta faɗa ruwa su bi ta.

A hanyar dawowa ba a yi hira da yawa ba. Kowa na duba littafinsa. Yaran da suka bar Kano suna jiran a faɗa musu abin da za su haddace, sun dawo sun iya sallama a gidan da ba su sani ba, sun iya sauraron tsoho har ya kai aya, sun iya bambance abin da suka gani da abin da aka gaya musu, sun san amanar sirrin mutane. Wannan shi ne bincike. Kusa da Paiko mai tambayar ta buɗe shafin farko, inda ta ja wa labarin wuta layi, ta ce, "Malam, ashe garwashin na nan a gidaje. Ɗebowa ne ba a yi ba." Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Don haka nake kira ga sassan Hausa da Turanci da Larabci da Tarihi na jami'o'inmu, da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida ta Lapai da Kwalejin Ilimi ta Minna da ke kusa da wannan arziki, su mayar da irin wannan fita wani ɓangare na karatu, mai maki da mai duba aiki. Asusun TETFund da gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni su ware ɗan abin da zai ishi ɗalibi kuɗin mota da abinci na mako shida. A ba ɗalibai mata gaba a aikin, domin su ke da izinin wuce zaure. A fara da Minna da Bida da Kontagora da Suleja, a wuce Katsina da Gusau da Maraɗi. A kuma tanadi ma'ajiya mai tsaro inda za a tara abin da aka samo, da sunan mai shi da yardar iyalinta.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka jira jami'a ba. In mahaifiyarka ko gwaggonka ko kakarka na raye, ka je ka gaishe ta a makon nan, ka zauna, ka tambaye ta ko ta taɓa rubuta wani abu, ko tana da waƙar da ta tsara, ko ta san wadda ta yi. In ta buɗe maka adaka, ka ɗauki hoto, ka naɗi muryarta, ka rubuta sunanta da shekara. Gara ba ta hutu, ajali kuma ba ya sallama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riskar waɗanda suka rage.